Ruhubanawan Tsibiran Larabawa da Waliyyinsu Ishaku

Ranar Lahadi da sassafe, kafin shagunan Dragon Mart su ɗaga ƙofofinsu, ƙananan motocin bas kan jeru a bakin gidajen International City, nan unguwarmu ta Warsan. Mutanen Filifin, mutanen Kerala ta Indiya, 'yan Uganda da Kenya, da 'yan uwanmu na Najeriya, kowa ya ci ado, za a kai su coci a Oud Metha ko Jebel Ali. Ka tambayi duk Bahaushen da ke Dubai yaushe addinin Kirista ya shigo ƙasar nan, zai ce maka ai man fetur da 'yan ci-rani ya biyo. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin cocin Katolika ta St Mary da ke Oud Metha sai a 1967 aka buɗe ta, a filin da Sheikh Rashid bin Sa'id ya bayar. Sai dai abin da aka tono daga cikin rairayin ƙasar nan ya girme wannan da shekara fiye da 1,000.

Titin Sheikh Muhammad bin Zayed ya bi ta gefen unguwarmu. In ka hau shi ka yi arewa, cikin kamar awa guda kana Ummul Ƙuwain. A watan Nuwamba na 2022 hukumomin wannan masarauta suka sanar cewa an tono gidan ruhubanawa, wato masu ƙaurace wa duniya don bauta, a tsibirin Siniya. An samu coci mai zaure ɗaya, da kwarmin yin baftisma, da tanderun gasa gurasar ibada, da wani gida mai ɗaki huɗu da ake zaton na shugabansu ne. Gwajin da aka yi ya nuna an kafa wurin tsakanin shekarar 534 da 656 miladiyya. A 622 aka yi Hijira. Ke nan ko dai ginin ya riga haihuwar Manzon Allah (SAW), ko ya yi zamani da shi da Sahabbansa. Bayan 'yan watanni aka sake sanar da gano kufan garin masu nutson lu'ulu'u a tsibirin, kusa da gidan ibadar.

Wannan shi ne na biyu. Na farkon tun 1992 aka gano shi a tsibirin Sir Bani Yas, can yammacin Abu Dhabi, kuma shi na gani da idona. Ni aikina a Warsan haɗa kaya ne: 'yan kasuwarmu su saya, ni in auna, in rubuta, in tura Kano ta sama ko ta ruwa. Amma tarihi na karanta a Zariya kafin neman abinci ya kawo ni nan. Wani alhaji daga cikin abokan hulɗarmu ya zo hutu da iyalinsa, ya ce in raka su tsibirin yara su ga bareyi da raƙuman dawa. Muka yi doguwar tafiya a mota zuwa Jebel Dhanna, muka shiga jirgin ruwa. Da aka gama kallon dabbobi na roƙi arziki a biya da mu ta kufan.

Abin da ya rage gajeren bango ne, wani wurin ko gwiwa bai kai ba, an yi masa rumfa a 2019 don kare shi daga rana da iskar gishiri. Amma tsarin a fili yake. Ga coci ta fuskanci gabas, ga ɗakunan kwana, ga madafa, ga katanga ta kewaye su. An tono gutsattsarin adon farar ƙasa masu zanen gicciye da inabi, da tukwane da gilasan da fatauci ya kawo daga nesa. Masu binciken sun ƙiyasta mutum 30 zuwa 40 ne ke zaune a ciki.

Alhaji ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, to wa ya kore su?" Na ce, "Alhaji, ai babu alamar an kore su." Ba a ga toka ba, ba a ga rushewar ganganci ba. Tukwanen sun nuna ana zaune a wurin har wajen shekarar 750, wato ruhubanawan nan sun ci gaba da ibadarsu cikin zamanin Banu Umayya, fiye da shekara 100 bayan Musulunci ya kafu a yankin. Abin da masana suka fi rinjayarwa shi ne jama'ar da ke ciyar da su ta musulunta sannu a hankali, sababbin almajirai suka daina zuwa, gida ya mutu da kansa. Sai ya sake tambaya: "Katolika ne, ko irin su ECWA?" Na ce ba ko ɗaya. Cocinsu ita ce wadda Rum da Kustantiniyya suka yi shekara 1,500 da ɗoriya suna kiran ta ta 'yan bidi'a. Kuma daga cikinta, daga gaɓar tekun nan, aka samu mutumin da yau kusan kowace tsohuwar coci a duniya ke kira waliyyi.

Asalin rigimar a Afisa yake, garin da kufansa ke yammacin Turkiyya. Mai karatu ya san sunan ko bai sani ba, domin Kiristoci a nan suke cewa wasu samari sun ɓuya a kogo lokacin da sarki Dikyanus ke gallaza wa masu imani wajen shekarar 250, suka yi barci mai tsawo, kuma malaman tafsiri da dama sun danganta labarin da As'habul Kahfi. A ruwayar Kiristoci samarin sun farka ne a zamanin sarki Tiyodosiyus na biyu. To wannan sarkin shi ne ya kira taron bishop-bishop a Afisa a 431.

Ni Musulmi ne, abin da na yi imani da shi game da Annabi Isa (AS) ya saɓa wa na duka ɓangarorin da zan ambata. Amma ba za a gane labarin ba sai an ji kowa yadda shi ya faɗi tasa. Dukkansu sun yarda cewa Almasihu ya haɗa allahntaka da mutuntaka. Inda suka rabu shi ne yadda haɗuwar take. Malaman Antakiya suka ce dole a bambance, kada a jingina yunwa da gajiya da mutuwa ga allahntaka. Malaman Iskandariyya ta Masar suka ce in aka cika bambancewa an raba mutum ɗaya gida biyu. A 428 aka naɗa wani rahibi ɗan makarantar Antakiya, Nastur, bishop na Kustantiniyya. (Ba shi ne rahibi Nasɗura da ake ambata a littattafan sira ba, Nastur ya riga shi da nisa.) Ya tarar jama'a na kiran Nana Maryamu da laƙabin Uwar Allah, lafazin da kunnen Musulmi ba ya ɗauka, shi ma bai sake da shi ba, ko da yake dalilinsa daban ne da namu. Ya ce a ce Uwar Almasihu ya fi. Kirillus, bishop na Iskandariyya, ya ce wannan ɓata ce.

Yadda aka gudanar da taron shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Kirillus ya buɗe zama ranar 22 ga Yuni ba tare da jiran tawagar Antakiya da ke kan hanya ba, kuma a ranar aka tsige Nastur. Da mutanen Antakiya suka iso bayan 'yan kwanaki, suka yi nasu zaman suka tsige Kirillus. Sarki ya sa aka tsare Kirillus da Nastur duka biyun. Akwai takardar da ta saura har yau wadda ta lissafa kyaututtukan da aka aika daga Iskandariyya zuwa ga fadawan sarki: dardumai, kujerun hauren giwa, zinariya mai nauyi. Kirillus ya koma kujerarsa, yau waliyyi ne a wajen Katolika da Otodoks da Kibɗawan Masar. Nastur aka kore shi zuwa hamadar Masar, ya mutu a can wajen 450, sunansa ya zama abin zagi. Littafin da ya rubuta yana kare kansa sai a 1895 aka gano shi a duwatsun Kurdawa, kuma masana da yawa da suka karanta sun ce abin da aka yi ta jingina masa ba shi ya faɗa ba.

Kiristocin daular Farisa kuwa ba su ma halarci taron ba. A Warsan akwai rukunin gidajen da ake kira Farisa da wanda ake kira Girka, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce, amma a wancan zamani tsakanin Farisa da Rumawa masu magana da Girkanci iyakar yaƙi ce da aka yi ƙarnuka ana zubar da jini a kanta. Tun da sarkin Rum Kustantin ya rungumi Kiristanci, sarakunan Farisa masu bautar wuta suka fara yi wa Kiristocin ƙasarsu kallon 'yan leƙen asiri. Shabur na biyu ya ɗora musu haraji ninki biyu, bishop ɗinsu Shim'un bar Sabba'e ya ƙi karɓa masa, aka kashe shi a shekarun 340, aka bi da dubbai. Mutanen da suka sha wannan dole su nuna wa sarkinsu cewa ba daga Rum suke karɓar umarni ba. A 410 suka tsara cocinsu a Mada'in, babban birnin daular. A 424 suka ce shugabansu ba ya ƙarƙashin kowa a yamma. Da sarkin Rum ya rufe makarantar birnin Ruha a 489 saboda tana bin koyarwar Antakiya, malamanta suka tsallaka iyaka zuwa Nasibin, aka karɓe su hannu bibbiyu. Su suna kiran kansu Cocin Gabas, harshen ibadarsu Suriyanci, ɗan uwan Larabci. Abokan gaba suka laƙaba musu Nasturawa, alhali Nastur bai taɓa shugabantarsu ba.

Wanda ya karanta labarin musuluntar Salmanul Farisi (RA) zai tuna yadda wani malami ke miƙa shi ga wani, daga Sham zuwa Mosul, daga Mosul zuwa Nasibin. Waɗannan garuruwa biyu na ƙarshe suna tsakiyar ƙasar wannan coci.

Daga Iraƙi ta gangaro teku tare da fatake da masu lu'ulu'u. A takardunta, gaɓar da ta haɗa Ƙatar da Bahrain da gabashin Saudiyya sunanta Bet Ƙatraye, ɓangaren Oman da inda muke zaune yanzu kuma Mazun. Tun a taron 410 an ambaci bishop na Mashmahig, wato Samahij ta Bahrain, a na 424 kuma akwai bishop Yohanna na Mazun. An tono coci a Jubail ta Saudiyya a 1986, an tono wata a tsibirin Failaka na Kuwait. Ba baƙi ba ne duka. Cikin ƙabilar Abdul Ƙais akwai Kiristoci, kuma Jarud, ɗaya daga shugabanninsu da ya zo Madina ya musulunta, da can Kirista ne.

Shugaban cocin a shekarun 650, Ishoyahab na uku, ya bar wasiƙu masu muhimmanci ga duk mai son sanin yadda farkon Musulunci ya kasance a idon wanda ba Musulmi ba. Yana cikin fushi da mutanen Mazun. Ya ce Larabawan da suka karɓi mulki ba su yaƙi addinin Kirista ba, suna ma girmama malamansa suna taimakon gidajen ibada, amma ga mutanen Mazun sun bar addininsu ba takobi ba azaba, don kawai kada su rasa rabin dukiyarsu. Maganar mai ɓacin rai ce da ke ganin garkensa na watsewa, a karanta ta da sanin haka, domin bai tambayi waɗanda suka musulunta dalilinsu ba. Bishop-bishop na Bet Ƙatraye ma sun yi masa tawaye. Magajinsa Giwargis shi ya taso da kansa a 676, zamanin Mu'awiya, ya tara su a Darin da ke tsibirin Tarut, aka sulhunta, aka kafa dokoki kan aure da kan cewa Kiristoci su riƙa kai ƙararrakinsu gaban coci. Da zai koma sai ya tafi da wani rahibi ɗan yankin mai suna Ishaku, ya naɗa shi bishop na Nineba, garin Annabi Yunusa (AS), tsallaken kogi daga Mosul.

Wata biyar Ishaku ya yi a kujerar ya ajiye. Ishodana na Basra, wanda ya rubuta tarihinsa a ƙarni na 9, bai faɗi dalili ba, ya bar wa Allah sani. Amma akwai labarin da aka daɗe ana bayarwa, kuma duk wanda ya zauna cikin 'yan kasuwa zai ji shi a jikinsa. Mutum biyu suka zo gabansa, mai bin bashi da wanda ake bi. Wanda ake bi ya amsa bashin, ya roƙi a ƙara masa lokaci. Mai kuɗi ya ce ko a biya yanzu ko ya kai shi gaban alƙali. Ishaku ya tuna masa abin da Linjila ta ce kan sassauci. Mutumin ya ce a ajiye Linjila gefe tukuna. Ishaku ya ga in littafin da aka naɗa shi don ya tsare ba shi da wuri a zauren, shi ma ba shi da wuri. Na sha ganin irin wannan zama a ofishinmu, kaya sun maƙale a tashar ruwa, mai bashi ya kafe, ana jawo masa aya yana cewa wannan kasuwa ce. Ban ce Ishaku ya yi daidai da ya bar mutanen Nineba ba shugaba ba. Wani zai ce haƙuri da irin waɗannan mutane shi ne aikin. Amma na fahimci abin da ya kore shi.

Ya tafi duwatsun Khuzistan, a kudu maso yammacin Iran ta yau, ya shiga halwa. Daga baya ya koma gidan ruhubanawa na Rabban Shabur. Karatu ya cinye idonsa har ya makance, almajirai suka riƙa rubuta abin da yake faɗa. Ya rasu da tsufa wajen shekarar 700.

Abin da ya bari ba littafin jayayya ba ne. Da wuya ka ga ya tsaya kan rigimar Afisa. Magana yake yi da mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki yana fama da zuciyarsa: yadda ake tsayuwar dare, abin da za a yi in addu'a ta bushe a baki, yadda kasala ke shigowa da tsakar rana, amfanin shiru, hawayen tuba. Ginshiƙin koyarwarsa rahama ce. A wajensa zuciya ba ta gyaru ba sai ta kai ba ta iya ganin wahalar kowace halitta ba tare da ta ji zafi ba, mutum ko tsuntsu ko dabba, har maƙiyin da ya cuce ka. Zafin kishin addini da ke sa mutum ya riƙa farautar laifin wasu, shi cuta ya ɗauke shi, ya ce mai yin haka bai san ciwon kansa ba tukuna. Wannan daga bakin mutumin da duniyar Rum ke kira ɗan bidi'a, kuma wanda a cikin cocinsa ma wani bishop, Daniyel bar Tubanita, ya rubuta raddi kan wasu maganganunsa uku.

Yadda littafin ya tsallaka iyaka shi ne abin mamakin. Wajen ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9, wasu ruhubanawa biyu, Fatrikiyus da Abramiyus, a gidan ibada na Mar Saba kusa da Ƙudus, suka juya shi zuwa Girkanci. Su mabiya aƙidar Rum ne. Sun ga alherin da ke ciki, sun kuma san in aka gane daga inda ya fito ba mai karantawa. A fassarar da ta yaɗu, sunayen malaman da Ishaku ya kafa hujja da su waɗanda Rum ta la'anta, irin su Tiyodor na Mofsuwestiya, an cire su ko an musanya su da sunayen da aka yarda da su. Aka kira shi Ishaku mutumin Sham, asalinsa ya dushe. Daga Girkanci ya shiga harshen cocin Rasha da Sabiya, ya shiga Latin. An fassara shi da Larabci, daga nan ya isa Habasha, inda littafinsa, Mar Yishaƙ, ke cikin littattafan da ake karantar da ruhubanawa. Marubucin Rasha Dostoyebski yana da kwafinsa, ya ambace shi a cikin labarinsa na 'yan uwa Karamazob. Ruhubanawan Dutsen Atos na Girka, waɗanda ba sa sassauci ko kaɗan kan aƙida, sun yi ƙarnuka suna kwana da littafin wani bishop na cocin da suke tsine wa.

Kada a ɗauka Cocin Gabas ita ce salihar da ba ta taɓa nuna wa kowa yatsa ba. Wajen 786 shugabanta Timotawus na ɗaya ya tara majalisa ta haramta rubuce-rubucen wasu masu halwa nata, ciki har da Yohanna na Dalyata. Magajinsa ya ɗage haramcin. Wasu daga rubutun Yohannan nan sun shiga fassarar Girkanci a ƙarƙashin sunan Ishaku, Rumawa suka karanta su da sunan waliyyi. Mu ma muna da irin wannan a tarihinmu. A 1109 aka ƙona Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali a Ƙurɗuba bisa umarnin sarkin Murabiɗai, yau kuwa ana karanta shi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Shi ya sa nake jin nauyi in na ji yaro ɗan shekara ashirin ya ɗauki waya yana raba wa malamai takardar bidi'a.

A Turai hukuncin ya fi muni, domin a can mai yanke hukuncin aƙida yana da takobi a kusa. Wajen 1173 wani attajirin Liyon ta Faransa, Waldo, ya biya aka fassara masa Linjila da harshen garinsu, ya rabar da dukiyarsa, ya shiga wa'azi a titi. Fafaroma ya yaba talaucinsa a 1179 amma ya ce kada ya yi wa'azi sai da izinin malaman coci. Bai daina ba, a 1184 aka fitar da shi da mabiyansa daga coci. Bayan shekara 25, ɗan wani mai sayar da yadi a Asisi ta Italiya, Faransis, ya yi kusan abin da Waldo ya yi: ya watsar da gadon ubansa, ya sa tsumma, ya shiga wa'azi. Shi sai ya je Rum ya durƙusa ya nemi izini, Fafaroma Inosan na uku ya ba shi. Ya rasu a 1226, a 1228 aka ayyana shi waliyyi. Na duba rayuwar mutanen nan biyu, babban abin da ya raba su a farko biyayya ce ga hukuma. Mabiyan Waldo suka ɓuya a kwarurukan duwatsun Alfs, aka yi musu kisan gilla a 1655, ba su samu 'yancin ɗan ƙasa ba sai 1848. A 2015 Fafaroma Faransis ya shiga cocinsu a Turin ya nemi gafara.

Inosan ɗin da ya sa wa Faransis albarka shi ne a 1209 ya tura runduna kudancin Faransa kan waɗanda ake kira Katar. (Ba su da alaƙa da ƙasar Ƙatar.) An ce suna koyar da cewa duniyar da ake gani aikin mugun iko ce, manyansu ba sa cin nama ba sa rantsuwa. Na ce "an ce" domin mafi yawan abin da aka sani a kansu daga takardun masu tuhumarsu ya fito, har wasu masana tarihi na yau ke shakkar ko sun taɓa zama ƙungiya ɗaya mai tsari. Abin da ba shakka a kansa shi ne gawarwaki. A watan Yulin 1209 aka karkashe dubban mutanen garin Beziye, ba a tsaya tantance Katolika da wanda ba shi ba. A 1244, da ganuwar Monsegur ta faɗi, aka ƙona mutum fiye da 200 da suka ƙi janye aƙidarsu. Da ƙura ta lafa, ƙasar kudu ta faɗa hannun sarkin Faransa.

Cocin Gabas ba ta taɓa samun daular kanta ba, kullum a ƙarƙashin wani take, amma ta yi nisan da Rum ba ta yi ba a lokacin. A 635 wani malaminta, Alofen, ya isa babban birnin Sin, kuma allon dutsen da aka kafa a 781 don tuna wannan yana nan a Shi'an, da rubutun Sinanci da Suriyanci. A Bagadaza Timotawus ya zauna muƙabala da Halifa Mahdi cikin mutunta juna, kuma Hunain bin Is'haƙ, wanda ya juya littattafan likitancin Girka zuwa Larabci, ɗan wannan coci ne. Wani maƙwabcina mutumin Kerala ya gaya mini har yau akwai Suriyanci a ibadarsu, domin daga Iraƙi ake turo musu bishop kafin Turawan Fotugal su zo su tara taron Diyamfa a 1599, su sa a ƙona littattafansu da sunan tsarkake su daga Nasturanci. Ita kuwa Cocin Gabas daga baya ta durƙushe. Yaƙe-yaƙen Taimur a ƙarshen ƙarni na 14 suka share ta daga mafi yawan Asiya, kisan gillar da aka yi wa mabiyanta a 1915 ya cinye wani babban kaso na sauran, kujerar shugabanta ta yi gudun hijira har Cikago ta Amurka, ba ta dawo Iraƙi ba sai 2015. A 2014 'yan ISIS suka kori Kiristocin Mosul baki ɗaya, suka kuma tarwatsa masallacin Annabi Yunusa a cikin wata guda.

Ishaku kuwa bai gama ba da mamaki ba. A 1983 wani masani, Sebastian Brock, ya gano kashi na biyu na rubutunsa a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oksfod, bayan an ɗauka ya ɓata. A ciki ya faɗi fatansa cewa azabar lahira gyara ce mai iyaka, rahama ce za ta yi rinjaye a ƙarshe. Wannan ya saɓa wa abin da mafi yawan coci-coci ke koyarwa, har wasu daga masu ƙaunarsa a cocin Otodoks suka ce ba shi ya rubuta wannan kashi ba.

Ranar 11 ga Nuwamba 1994 Fafaroma John Paul na biyu da shugaban Cocin Gabas Mar Dinka na huɗu suka sa hannu a takarda cewa imaninsu game da Almasihu ɗaya ne, saɓanin da aka yi a baya mafi yawansa na lafazi ne da rashin fahimtar juna. A Nuwamban 2024, wajen cikar wannan shekara 30, Fafaroma Faransis ya karɓi baƙuncin shugaban Cocin Gabas Mar Awa na uku, ya sanar da shigar da Ishaku na Nineba cikin kundin waliyyan cocin Katolika. Da Kibɗawan Masar, magadan Kirillus, har yanzu ba a daidaita ba. Su suka tsaya kai da fata aka hana Cocin Gabas shiga majalisar coci-cocin Gabas ta Tsakiya a shekarun 1990, sai ta la'anci Nastur, ita kuma ta ƙi. Amma shugabansu Kirillus na shida, wanda ya rasu a 1971, tun yana matashin rahibi ya zauna ya kwafe littafin Ishaku da hannunsa, kuma ana karanta shi a gidajen ruhubanawansu na Wadin Natrun har gobe.